Littafin Mai Auna Ruwa

Shekara goma sha tara ke nan
ina zagayawa bayan firamaren Wurno da sassafe,
in buɗe ma'aunin ruwan sama,
in ɗaga kwalba, in kanne ido ɗaya.
Yau ma gizo-gizo na tarar,
ya yi saƙa a bakin mazurari,
ya san ba mai zuwa ya tashe shi.

Na rubuta sifili.
Na yau ya zauna kusa da na jiya,
sun jeru a shafi kamar ƙwan zabuwa
da uwar ta tsorata ta bari.

Arzika ya tare ni a gindin gawo.
"Malam, kwalbarka mi tac ce?"
Sau biyu ya yi binne bana.
Yayyafin farko ya yaudari geronsa,
ya leƙo da kunne biyu, kore shar,
rana ta lanƙwasa shi kafin sati.
Iri na biyu rance ne, tiya huɗu,
yana ƙasa, kiyashi na ta jida.
Na ɗaga kai don kada mu haɗa ido.
Gawo ya riga ya kaɗe ganyensa tas,
shi dai ya cika alkawarin damina,
saura sama.

Mutumin rediyo ya ce wani teku ne ya yi zafi,
can inda ba mai dangi a cikinmu,
wai zazzaɓinsa ne ke korar mana gajimare.
Inno Tumba ta ajiye maburgi, ta yi tsaki:
"Teku? Ku tambayi motocin gawayi
masu fita da tsakad dare ba fitila.
Ina marke? Ina ƙiryar hanyar Rabah,
inda muke sauke tulu mu huta?"
Ban tanka ba.
Da gawayin aka dafa kunun da na sha.

Jabbi mai haƙar rijiya ba ya gardama,
igiya yake nuna maka.
Ta ubansa gaba goma sha biyu ce,
tasa ya ƙulla mata ƙari har sau uku,
guga na dawowa da rabin laka.
A tsakiyar gulbin Rima
yara sun kafa raga da karan dawa,
mai tsaron gida na tsaye inda kwalekwale ya taɓa nutsewa.

Jiya takarda ta iso daga Sakkwato, da hatimi.
Ruwa zai makara.
In ya sauka, zai ɗauke kusan kwana ashirin cikin Yuli,
ya kuma tattara kayansa kafin gero ya gama ido.
A shuka mai saurin nuna, a haɗa da wake,
a haƙa ƙananan ramuka a zuba taki,
kada a bi ruwan farko da gudu.
Ni aka ce in karanta bayan sallar Juma'a.
Na iya karatun.
Abin da ban iya ba shi ne
cewa mai rumbu wayam ya ƙara jira.

Duk da haka na karanta.
Liman ya ce gobe a fito roƙon ruwa,
Arzika ya ce a maimaita masa zancen ramukan,
zurfin nawa, taki nawa.
Mun yi duka biyun.

Daren nan shamuwa biyu sun kwana kan tsamiya.
Gabas, wajen Goronyo, an yi walƙiya siririya,
ba tsawa, ba iska,
kamar mai ƙyasta ashana a ɗakin da ba nasa ba.
Matata ta fito da bahon wanki ta ajiye ƙarƙashin indararo,
ba ta ce komai ba.

Na ɗauki tocila na koma bayan firamare.
Na ba gizo-gizo haƙuri, na sauke shi kan katanga,
na wanke kwalba da ruwan buta,
na feƙe fensir.
Layin gobe yana nan fari.
Ban rubuta kome a kai ba tukuna.