Ƙas

A garejin bayan gida a Torsby,
dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a bakin ƙofa,
Majken ta ɗaga bonet ɗin tsohuwar Volvo,
ta aje kofin gahawa kan batir.

Shekara talatin motar ba ta ba ta kunya ba.
Yanzu a silo numfashinta hawa da sauka,
irin na Halvard a makonsa na ƙarshe.

Ta canja fulogi, ta wanke bututun iska.
Ba ta sake zani ba.

Sai ta tuna shi, kunne kare da inji a kashe,
yana murɗa totur da ɗan yatsa,
yana jiran wata 'yar ƙara.
Da ita na'ura ke shaida wa ƙwaƙwalwar mota:
an ɗaga ƙafa, a huta.

Ta murɗa. Shiru.
Ta ɗora mita, allura ko gezau.
Haƙoran soket uku, ɗaya ya yi kore.

Ta kankare shi, ta sassauta sukurori biyu,
ta gusa na'urar kaurin farce.

Ƙas.

Ta sake murɗawa, don ta ƙara ji kawai.
Gahawa ta huce. Ta shanye a tsaye.