Banɗakin Sama

Shekara huɗu ban taka matakalar nan ba.
Gwiwa nake ɗora wa laifi, gwiwa kuwa ba ta musu.
Ranar da aka fita da Ermelinda ta ƙofar gaba
na ja ƙyauren banɗakin sama, na murɗa makulli,
na ce abin da ba a taɓa ba ai ba ya lalacewa.

Wari ne ya fara saukowa ya ƙaryata ni,
a watan da gajimare ke kwana kan tsaunin Covilhã,
wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai a aljihun kwat.
Na zargi kyanwar maƙwabta.
Na zargi masu kwasar shara, har na yi musu faɗa.

Graciete ta zo da jakar sifanu,
'yar Fausto mai gyaran famfo,
wadda na sani tun tana satar ɓaure a bayan coci.
Ta durƙusa, ta haska tocila ƙarƙashin kwanon wanke fuska.
"Baba Anselmo, ka ga lanƙwasar bututun nan?
Ba don ado aka yi ta ba.
Ruwa kofi ɗaya ke zama a ciki,
shi ne mai gadi tsakaninka da numfashin lambatu.
Mai gadinka ya bushe tun bara waccan.
Kyankyaso ya riga ya gane hanya, saura ɓera."

Ta kama kan famfo, ya ƙi juyawa.
Ta ɗiga masa mai, ta jira, ta lallashe shi.
"Tsoho ne, in aka matsa masa sai ya karye,"
ta faɗa, ba ta dube ni ba.
Ya yi tari, ya yi kaki,
ya tofo ruwa ja kamar shayin da aka manta a buta.
Robar bakinsa ta marmashe a tafinta.

Na miƙa hannu zan saki shawa, ta buge min yatsu.
"Kada ka shaƙi feshin nan!
Ruwan da ya shekara kwance a bututu yana da baƙi,
huhu suke nema."
Ta buɗe taga, ta kwance kan shawar ta jiƙa a bokiti,
ta saki ruwan zafi a hankali,
muka fita, muka bar shi yana ta surutu shi kaɗai.

A bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa bangon arewa.
"Janairu ya ɗaga maka ƙafa sau huɗu.
Ran da ruwa ya daskare a nan, shiru bututu zai tsage,
ba za ka sani ba sai ƙanƙara ta narke,
silin ya sauko ya ci abinci tare da kai."

A bayan rasit ta rubuta da fensir:
kowace Lahadi ka hau,
ka saki famfo minti biyar, sanyi da zafi,
ka kora masai, ka shafa ƙasan tanki ko da laima,
ka juya makunnin ruwa, ka mayar, don kada ya ƙage.
In za ka yi tafiya, cokalin mai a magudana.

Ba ta ce komai kan sabulun ba,
wanda ya tsattsage a mazauninsa,
ko matajin da har yau ke riƙe da furfura uku.
Ta goge kewayensu, ta bar su inda suke.

Yau Lahadi. Matakala goma sha bakwai, na ƙirga,
na huta a ta tara.
Na saki ruwan, na sauko ɗora kofi,
sai na ji shi yana gudu a saman kaina
daidai yadda yake yi da safe can baya,
har na ɗauko kofi biyu.

Minti biyar ta ce.
Na bar shi ya kai goma.