Mangwaron Arzika

Kakana Arzika gadina ne a Bariki.
Da takarda yake shiga, mai hatimi,
an rubuta sunansa a karkace.
Kafin magariba kuma sai ya fito,
don baƙar fata ba ta kwana can,
in ba kuku da boyi ba,
su ma a ɗakin da ke kallon juji.

Shi ya dasa mangwaron kan kwanar nan.
Tulu biyu da safe, biyu da la'asar,
har kafaɗarsa ta yi kanta.
Ya ce mini, "Wanga icce, ko ɗa guda ban taɓa sha ba.
Wanda ya faɗo ma a ƙirge yake."

Turawa sun tafi tun kafin a haifi uwata.
An cire allon, an soke dokar.

Yau ni nake shiga, ba takarda.
Daga Mabera nake zuwa da guduma da igiyar awo,
ina shimfiɗa tayil a banɗakin
da ya fi ɗakin hayarmu faɗi.
Mai gidan launinmu ɗaya,
ran Juma'a ma ƙafarsa ta taɓa tawa a sahu.
Jaɓɓi mai gadi, tare muka yi wasan langa,
duk da haka sai ya leƙo ta ramin ƙyaure:
"Wurin wa?"

Famfo na juyi yana shayar da ciyawa.
Na ƙirga da ido, ya kai jarka talatin.
Jiya Kulu ta yi cinikin biyu, ta sayi ɗaya.

Ranar da na zo da Ige karɓar cikon kuɗi
ta ja hannuna ta ce,
"Baba, wa ya hana mu zama nan?"
Na ce ba kowa.
Ta ce, "To?"

Kakana ya san sunan abin da ya tare shi,
yana iya nuna shi da yatsa.
Ni farashin fili aka faɗa mini,
cikin fara'a, har da ba ni kujera.

Muna fita, mangwaro ya faɗo bayan katanga,
ta gefen titi, inda ba na kowa ba.
Ige ta shanye shi tun kafin mu kai Gawon Nama.
Ƙwallon ta dasa a gwangwanin tumatir.
Ya tsiro, ganye huɗu.
Mai gidan haya ya ce kada a haƙa masa tsakar gida.