Katako a Ƙasa, Roba a Sama

Ubana a Yawuri kwalekwale yake sassaƙa,
ni a Birnin Kebbi katako nake shafa wa mai.
Layi huɗu ne a gidan wasan Bagudu,
bayan tasha, inda janareto ba ya hutawa.
Ƙwallo mai nauyin ɗan akuya, da ramuka uku,
turaku goma a ƙurya suna jiran faɗuwa.

Shekara tara tafin hannuna ya san katakon nan.
In zuba mai da hantsi, kafin la'asar ya sha rabi,
shan da fadama ke yi wa ruwan farko.
Yana da tabo inda ƙwallo ke sauka,
da wata kwarmi da ido ba ya gani,
sai gwiwar mai goge ta.
Ƙwallo ya sulale bisa mai, shiru, kamar ba ya da niyya,
yana isa busasshen wuri katako ya kafa masa haƙori,
ya karkata hagu
yadda giwan ruwa ke juyawa in ya ji ƙugiya.

Sai Bagudu ya gaji da kuɗin kankara da fenti.
Aka zo da shimfiɗar roba a bayan tirela,
kwana uku ana gam, ana noti, ana awo da zare.
Da suka tafi, layi na ƙyalli har ka ga haƙoranka.

Na zuba mai yadda na saba.
Ya zauna.
La'asar ta yi, yana nan zaune,
baƙon da ba a nuna wa ɗaki ba.
Roba ba ta sha, ba ta ƙoshi, ba ta ƙishi.
Kowane ƙwallo ya wuce sai ya ɗebi kaɗan a cikinsa,
ya kai shi can gaba, inda ya kamata a bushe,
ya ajiye wa na bayansa santsi.

Malam Kakale, tsohon akawun kotu,
shi ne ya fara shan wahala.
Ya tsaya inda ƙafarsa ta saba tun kafin furfura,
ya saki ƙwallo da murɗawar nan tasa,
ya juya baya don ya san abin da zai ji.
Bai ji ba.
Turke uku kawai, sauran suna kallonsa.
Ya dubi wuyan hannunsa, ya matsa shi, ya ce,
"Tsufa ya zo ta nan."
Na ce, "Malam, ba hannunka ba ne."
Ya ce, "Kai dai goge."

Ita kuwa Tumba, 'yar makarantar kimiyya,
da ba ta taɓa gaisawa da tsohon katako ba,
miƙe take jifa, da ƙarfi, ba lanƙwasa,
goma su zube, ta koma kan wayarta.

Sati biyu ina gwaji bayan an kulle ƙofa.
Na rage mai, na gajarta masa tafiya taku uku,
na wanke ƙarshen layi da tsumma har ya yi ƙara.
Na rubuta lissafin a bayan kwalin sigari.

Ranar Asabar na ja Malam gefe.
"Matsa dama, faɗin tafi ɗaya. Kada ka yi gaggawa."
Ya harare ni. Ya matsa.
Ƙwallo ya tafi, ya tafi, har na cire rai,
sannan, a makare, kamar mai tuna saƙo a bakin ƙofa,
ya waiwayo.
Tara. Ɗaya ya yi rawa, ya ƙi faɗuwa.
Malam bai ce komai ba, amma ya biya wani zagaye.

Da dare na durƙusa a layi na biyu,
wajen da faranti ya haɗu da faranti,
na ƙwanƙwasa da ɗan yatsa.
Daga ƙasa aka amsa, murya ƙasa-ƙasa,
irin ta cikin kwalekwalen da aka kife a gaɓa.
Na ɗiga masa mai ta tsagar, ɗigo biyu,
na kashe fitila.