Daro Biyu a Kasuwar Pont-Sondé

Shekara goma sha tara ina zaune a nan,
ni Filomèn, a gindin gadar Artibonite,
ina auna wa jama'a shinkafar da ta hawo jirgin ruwa,
fara sol, buhunta da tuta
da rubutun da ban iya karantawa.
Kogin da zai shayar da irinta yana bi ta bayana,
ya je ya zube a teku, ko sallama ba ya yi.

Babanmu ya bar mana fadama, kadada guda da 'yar ɗoriya.
Ƙanena Anténor ya riƙe ta da fartanya da haƙuri
har haƙurin ya riga fartanyar dakushewa.
Ran da ya ce zai sayar, ya bi kwalekwale ƙetare,
ban ce uffan ba.
Na shiga ƙirga kwanakin adashi.

Kwasata ta faɗo a watan Maris.
Guerda ta ce in ƙaro buhu ashirin na jirgi,
riba a hannu, ba rana, ba sauro.
Wilnèr ya ce babur.
Na ƙulle kuɗin a ɗankwali,
na taka har gidan Dieujuste mai injin casa,
wanda bel ɗinsa ya tsinke tun bara.

A bayan kwalin sabulu muka yi lissafi:
iri, taki buhu huɗu, bel daga Saint-Marc,
ladan samari shida da za su yashe magudana
wadda laka da robobi suka shaƙe wa wuya.
Kashi uku za mu raba.
Ba lauya. Muka dangwala yatsa da tawadar biro.

Kada in yi muku ƙarya.
Tsuntsaye sun karɓi harajinsu,
masu bindiga a hanya suka karɓi nasu,
taki ya tashi sau biyu ina kallo.
Akwai daren da na kwana ina zagin ƙafar da ta kai ni.

Amma ranar casa, da injin ya yi tari ya kama,
ƙamshi ya cika rumfar har bakin titi.
Anténor ya dumbuza, ya shinshina, ya juya mana baya,
wai ƙaiƙayi ne ya faɗa masa a ido.

Yanzu daro biyu ne a gabana.
Ta jirgi ta fi araha, wannan ba gardama,
kuma mai 'ya'ya bakwai ba da kishin ƙasa take miya ba.
Ina auna mata, in yi mata gyara.
Tamu gajera ce, jaja-jaja, wani bi da tsakuwa.
Shekaranjiya wata tsohuwa ta tauna ƙwaya ɗaya,
ta lumshe ido, ta ce, "Yarinya, wannan ta ƙasarmu ce."
Rabin gwangwani ta saya. Rabi kacal.
Yau ta dawo da maƙwabciyarta.

Uwar kuɗi ba ta dawo ba tukuna.
Guerda na tambaya, ina cewa saura kaka biyu,
in ruwa ya yarda, in hanya ta yarda.
Ɗazu da asuba na hangi Anténor
ya fito da takalman da ya ajiye don tafiya,
ya karkaɗe su, ya saka,
ya shiga laka da su.