Abin da Masaƙa Ta Cinye

A birnin Lodz, hawa na huɗu, inda tarago ke shan kwana,
kakana Bogumil ya durƙusa gaban lasifika
kamar mai lallashin yaro ya sha magani.

Ya ja ta hagun taku ɗaya daga bango.
Ya koma kujera, ya kasa kunne, ya yi tsaki.
Ya mayar da ita rabin taku.
Ya cusa mata tsohon littafi a ƙarƙashi,
wai ta daina hira da gwiwoyinsa.

Tun safe abu ɗaya ake.
An naɗe darduma, an sake shimfiɗawa.
Labule ya sauka, labule ya hau.
Shayi ya huce sau biyu a bakin taga,
dusar ƙanƙara na ta zuba, ba ruwanta.

Amfilifayar ta girme ni.
Maɓallai goma jere a goshinta,
na hagu masu kauri, na dama masu tsini.
Na hagun duk ya danne su.
Na daman ya kora su sama har ƙarshen tsani,
ya ɗiga wa kowanne jan fenti
don kada hannun ƙarambani ya gifta.

Allura na sauka kan faifai na toshe kunne.
Na ce, "Kaka, wannan ai ba goge ba ne,
cokali ne ke kankarar gindin tukunya.
Kawo in saita maka.
Akwai manhaja a wayata,
ta auna ɗakin, ta fitar da daidai."

Ya ce, "Daidai da kunnen wa, Jagoda?

Shekara talatin da ɗaya a masaƙa,
injuna suna tauna ƙarfe a kaina.
Sun bar mini ƙasa, sun cinye sama.
Tsuntsu ya buɗe baki, ni sai dai kallo.
Butar shayi ta daina kirana.
Kakarki Wieslawa, a shekarunta na ƙarshe,
ina jin muryar, amma kalmomin ba haƙora.
Na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare
ga zancen da ban ji ba.
Ta sani kuwa. Ba ta taɓa faɗa ba."

Ya cire faifan, ya sa kaset.
Wani biki ne, a wannan ɗakin, kafin a haife ni:
ƙarar kofuna, tari, ana jan kujera,
sai ga ta can daga kicin
tana tambaya wa ya ɗauke gishiri.

Ya taɓa maɓallin ƙarshe,
kaurin silin gashi,
ya lumshe ido.
"Kin ji? Gishiri.
Ga kalmar nan da haƙoranta."

Ni dai tsuwa nake ji,
da shuu ɗin tsohon kaset
kamar yayyafi a kan kwano.
Na mayar da wayar aljihu.

Daga ƙasa maƙwabci Ryszard
ya fara dukan silinsa da sandar shara.
Wannan kam Kaka ya ji, don mai kauri ne.
Ya buga ƙafa sau biyu, ya amsa gaisuwa,
ya dawo da kaset baya.

Sannan ya ce in matsar da ta daman
yatsa biyu wajen taga.
Na matsar.
Ya ce ya yi yawa.