Muciyar Turawa

Bayan ƙofar ɗakina, nan Zango,
akwai wani itace mai faɗin tafin hannu,
wuyansa naɗe da zare, cikinsa da tsaga.
Kakata Tsahara ce ta raɗa masa suna muciyar Turawa,
ta ce har ta tsufa ba ta ga tukunyarsa ba.

Na mijinta ne, Mato Bahago.
Ya fara balo tun fili bai san raga ba,
duwatsu biyu ne gida,
ƙwallon kuwa tsumma ne da igiyar rama.
Ba takalmi. Ƙaya ta san tafinsa, shi ma ya san ta.
Ranar da suka kara da sojojin bariki
ya zura biyu da ƙafar hagu,
na ukun ya haye katanga
ya fasa tulun wata mai fura,
aka yi mako ana karo-karo.
Tsofaffin Kasuwar Dole
sun fi tuna tulun a kan cin.

Shekarar da gyaɗa ta yi kuɗi
ya zama yaron mota,
ta Matamai, ta Daura, sai ga shi a Katsina.
Can ya leƙa ta shingen wata makaranta,
ya ga samari cikin fararen kaya
sun kafa sanduna uku,
ɗaya na jifa, ɗaya na karewa,
sauran sun bazu kamar awaki a gindin gawo.
Ƙwallon ya gangaro gabansa, ja, da taurin goruba.
Ya mayar da shi da hagu.
Suka dubi juna. Suka ce: Shigo.

Kurket, in ji su.
Rani biyu, duk ran da mota ta kwana, yana can.

Ya dawo da itacen a buhu.
Ya tara yara a gindin duwatsun Birni,
ya kafa karan dawa uku,
ya ba su goruba ta gaske.
Kafin la'asar goshi biyu sun kumbura,
kafin magariba iyaye sun iso.
Washegari shi kaɗai ne a wurin,
sai wata akuya tana cin karan.
Wasan da ke neman mutum ashirin da biyu da yini guda,
a garin da yaro ke yini neman ruwa?

Ya koma wa balo har gwiwa ta ce ya isa.
Ya busa usur. Ya zuba toka a layi.
Daga baya sai tabarma da rediyo,
yana yi wa ƴan wasan da ba sa jin sa faɗa.

Kada a ce itacen ya zauna banza:
ya tokare ƙofa, ya kashe kunamu,
ya kakkaɓe katifa ran da rana ta fito.
Ran rabon gado aka lissafa keke da rediyo,
malam ya ɗaga shi ya ce: Wannan fa?
Ba wanda ya san kuɗinsa.

Na ce a ba ni.

Don na taɓa ganinsa, ina yaro,
an aiko ni da koko bayan asuba.
Yana tsakar gida, bargo a ƙasa,
ya riƙe itacen da hannu biyu, ya karkata kafaɗa,
ya ƙura wa bakin zaure ido
kamar wani zai rugo daga can.
Ya tako da ƙafa ɗaya, mai ciwon.
Ya kaɗa iska.
Ya bi abin da kallo har ya haye soron maƙwabta,
ya daɗe bai sauke kai ba.

Da ya juyo ya gan ni, ko kunya bai ji ba.
Ya ce: Nawa ka ƙirga?
Na ce: Kaka, ban ga komai ba.
Ya ce: Shida ne.
Ajiye kokon.